Wari da Wari

Shekara goma sha tara ina kasa gwanjo
a bakin Tsohuwar Kasuwar Gombe,
ban taɓa raba takalmi da ɗan'uwansa ba.
Wari ɗaya ba ya ciniki.
In dila ta zo da maraya, sai in jefa shi buhu
ƙarƙashin tebur, inda ɓera ke kwana.

Ran wata Laraba, gab da la'asar,
na ji ƙwas, ƙwas, ƙwas,
sanduna huɗu suna ratso layin masu yadi.
Yara biyu, kowanne an naɗe masa ƙafar wando guda
an soke da fil.

"Baba, takalmin ƙwallo muke so, mai haƙora."
Na ce, "Ƙafa nawa?"
Suka dubi juna, suka fashe da dariya,
ni kuma kunya ta rufe ni har wuya.

Bappayo na Bolari, dama ce ta rage masa,
ɗori aka ɗaure tamau har ƙafar ta yi baƙi.
Lamela na Kaltungo, hagu ce tasa,
kububuwa ta karɓi ɗayar a gonar gyaɗa.
Daga baya na ji wannan.
A ranar, ciniki kawai suka yi,
kuma sun iya, 'yan banza,
sai da suka kai ni uwar kuɗi.

Lamba arba'in ta zauna wa Bappayo cif.
Lamela kuwa, yatsunsa na iyo a ciki,
na yago soso na cusa masa a baki.
Suka tafi suna gardamar wa zai riƙe leda.

Asabar na ja tamfol na rufe kaya,
na bi su filin firamare a Pantami
inda aka tara su na mako biyu.
Daga Dukku, daga Bajoga, har daga Dadin Kowa.
An zuba layi da toka.
Ƙarƙashin maina, ƙafafun roba a jingine
kamar baƙin da aka ce su jira.

Ban san sanda na gudu ba sai ranar.
A kafa biyu a ƙasa, jiki ya yi lilo a tsakani,
ƙafar nan tilo ta zo kamar an saki gwafa.
Ƙwallo ta taɓa sanda, alƙali ya busa:
wai hannu ne.
Na ce wane irin hannu?
Hajjo mai tsaron raga ta ɗaga nata guda ɗaya
ta ce, "Baba, yi shiru ka koya."

Ashe koci ya raba mini su.
Dama na cikin masu jar riga, hagu na cikin shuɗi.
Takalmin da na sayar a ƙulle da igiya ɗaya
ga shi yana farautar kansa a tsakiyar fili.
Wa zan goya wa baya?

Suka haɗu, ƙarfe ya daki ƙarfe,
duka biyun suka zube.
Wata uwa a bayana ta yi salati, ta yunƙura,
ta kusa da ita ta riƙe mata mayafi.
Ba wanda ya shiga.
Lamela ya tofar da ƙasa, ya lalubo sandarsa,
ya tashi yana rantsuwa shi aka yi wa ƙeta.

An tashi ɗaya da ɗaya, ko biyu da ɗaya,
ban riƙe ba.

Da na koma, na jawo buhun nan na zazzage.
Wari talatin da bakwai, ɓera ya ci huɗu.
Na kwana ina wanki.
Da safe na rataye su a igiya, kowanne shi kaɗai,
maƙwabcina mai bel yana tambaya ko lafiya.